Nawa Ne Kuɗin Barcin Maƙwabci?



Ranar da muka zauna a fada aka ce a wannan fitowa kowa ya rubuto tambayar da ke hana shi barci, dariya na yi. Sauran da misali suke magana. Ni tawa tambayar a zahiri take hana ni barci, har sau biyu ko uku a dare ɗaya.

Ni ɗan Azarori ne, ƙasar Madawa. Da na samu bak sai na shiga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, fannin tattalin arziki. Ban samu ɗaki a cikin jami'a ba, don haka na sauka gidan ƙanen innata a unguwar Aeropor. Duk wanda ya taɓa hawa bas daga Madawa, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya san wurin, domin filin jirgin sama na Diori Hamani shi ke fara tarbar baƙo kafin ya kutsa cikin gari.

Daren farko, bayan tafiyar kusan kilomita 500, na faɗi bisa tabarma a tsakar gida kamar buhun gero. Can dare ya raba sai na ji wani ruri ya taso daga ƙasa ya hau sama, kwanon rufin ɗaki na kaɗawa, ƙirjina ma na kaɗawa. Na zabura ina salati. Ɗan kawuna da ke kwance kusa da ni juyi kawai ya yi, ya ja zane.

Da safe muna shan koko na ce, "Kawu, wai haka kuke kwana kullum?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai ɗan ƙauye na. Sati biyu ka saba. Ka san nawa nis sayi filin ga? Kuɗin da nib biya, cikin gari ko zaure ba su saya mini. Kuma tsaya in tambaye ka, jirgi yas same ni ko ni nis same shi?"

"Kai ka same shi, Kawu."

"To mi za ni cewa?"

Ban samu amsa ba ranar. Wannan rubutu ƙoƙari ne na amsa masa, ko da yake a kan hanya amsar ta juyo ta cije ni.

Jakin maƙwabci

A shekara ta biyu mushenmu ya kawo mu kan wannan darasi. Ya ce mu ɗauki tikitin jirgi mu ɓare shi kamar gyaɗa mu ga abin da ke ciki. Akwai kuɗin mai, da albashin matuƙi da sauran ma'aikata, da kuɗin sauka a fili, da harajin gwamnati, da ribar kamfani. Duk wanda ya ba da wani abu don jirgin ya tashi an biya shi, sai mutum ɗaya, wanda ke kwance ƙarƙashin hanyar jirgin. Shi ma ya ba da nasa, wato shirun darensa, amma sunansa bai shiga takarda ba. Kamar ɗan kasuwan albasa ne a Galmi da ya biya manomi, ya biya mai buhu, ya biya direban kamyo, amma daga gona zuwa bakin hanya jakin maƙwabcinsa ya ɗora wa kaya ba tare da ya tambaye shi ba. Albasarsa za ta yi araha a kasuwa, kuma arahar daga bayan jakin wani ta fito.

Wani masani ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya bayyana wannan a littafinsa na 1920. Ya nuna cewa in mai sana'a ba shi ke ɗaukar dukan nauyin sana'arsa ba, zai yi ta fiye da ƙima, tunda wani ɓangaren kyauta yake samun shi. Maganin da ya kawo shi ne a ɗora masa haraji gwargwadon ɓarnar. Faransa haka ta yi. Tun 2005, jirgin da ya tashi daga manyan filayen ƙasar yana biyan harajin ƙara, ana lissafa shi bisa nauyin jirgin da irin ƙarar injinsa da lokacin tashi, na dare ya fi na rana tsada. Kuɗin kuma ana taimaka wa mazauna kusa da fili da su, su sa tagogi da rufi masu tare ƙara.

Shekara 40 bayan Pigou, a 1960, Ronald Coase ya zo da wata magana da ta fi kama da ta Kawu. Ya ɗauko wata shari'a da aka yi a London a 1879. Wani mai yin alewa ya daɗe yana daka da manyan turame a bayan gidansa. Sai likitan da ke maƙwabtaka da shi ya gina sabon ɗakin duba marasa lafiya manne da bangon wurin dakan, daga nan ya ce ƙara da girgiza sun hana shi aiki. Kotu ta ba likita gaskiya. Coase ya ce a lura, cutar ta fuska biyu ce. In an bar turmi an cuci likita, in an hana turmi an cuci mai alewa. In da su biyun za su iya zama su yi ciniki cikin sauƙi, ko wa alƙali ya ba gaskiya, wanda wurin ya fi yi wa amfani zai biya ɗayan a zauna lafiya. Shi kansa Coase ya san cewa cinikin ba ya zuwa da sauƙi. Mutum biyu na iya zama a zaure. Gidaje dubbai da kamfanonin jirage da hukuma, wane zaure zai ɗauke su?

Gaskiyar Kawu

Kada mu raina maganar Kawu don bai shiga aji ba. Abin da ya faɗa a bakin kwanon koko shi ne hanyar da masana ke bi su auna tsadar ƙara. Suna ɗaukar gidaje masu kama da juna, wani a ƙarƙashin hanyar jirgi wani nesa da ita, su duba bambancin farashi, su ce wannan bambanci shi ne kuɗin da mutane suka sa wa shiru. A bisa wannan lissafi an riga an biya Kawu diyya tun ranar da ya sayi fili da rahusa. In yau aka hana jirgi tashi da dare, gidansa zai yi daraja, ya ci riba sau biyu.

Akwai kuma ɗaya gefen ma'auni. Nijar ba ta da teku. Ta wannan fili alhazanmu ke tashi su dawo, ta nan magani na gaggawa ke shigowa, ta nan wasu ƴan ci-ranin jihar Tawa ke sauka in tafiya ta ƙare. A unguwar kanta, masu taksi da ƴan dako da masu shayi da masu gadi da yawa abincinsu na rataye da jirgi. In aka tsaurara doka fiye da ƙima, tikiti zai ƙara tsada, kamfani kuma yana iya cewa gara ya riƙa sauka a Wagadugu. Wanda ya ce a kashe ƙarar gaba ɗaya, ya shirya cewa a rufe filin, kuma ban san mai hankalin da ke son haka ba.

Na yarda da duk wannan. Amma akwai wurare uku da maganar Kawu ke yoyo.

Na farko, rahusar da ya samu ta ƙarar wancan lokaci ce. Fili yana girma. An sabunta na Yamai aka buɗe a 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma duk ƙasar da ta kashe kuɗi a filin jirgi fatanta jirage su ƙaru. Wanda ya yarda jaki ɗaya ya riƙa ratsa gonarsa bai sa hannu a kan ayari ba.

Na biyu, wanda ya karɓi rahusa daban, masu ɗaukar nauyin daban. Kawu ne ya yi ciniki. Ɗansa da ke shirin jarrabawar bepese ba a haife shi ba a lokacin. Kuma sabon da Kawu ke taƙama da shi, kunne ne ya saba, jiki bai saba ba. A watan Mayu na 1992 birnin Munik na Jamus ya rufe tsohon filin jirginsa ya buɗe sabo a wani wuri. Masu bincike sun gwada yaran wuraren biyu kafin sauyin da bayansa. Yaran da ke kusa da tsohon fili, da shiru ya zo, karatunsu da riƙe abu a ka sun gyaru. Na kusa da sabon fili kuwa nasu ya ja baya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara kada matsakaicin ƙarar jirgi ya wuce desibel 45, da dare kuma 40. Desibel shi ne ma'aunin ƙara, kuma ƙarin 10 a kunnen mutum kamar ninki biyu ne. Ɗan kawuna da ya juya ya ja zane, barcinsa ya tsinke ko da bai buɗe ido ba, kuma da safe a aji zai biya.

Na uku shi ya fi tsaya mini a rai. In da farashin gida ake auna cuta, to cutar talaka kullum ƙarama za ta fito a takarda. A ce ƙara tana rage kashi 10 cikin 100 na darajar gida. Gidan miliyan 50 ya yi asarar miliyan 5, gidan miliyan 3 ya yi asarar jika 300. Mai lissafi zai duba ya ce a karkata hanyar jirgi ta bi kan ƙananan gidaje, asara ta fi ƙanƙanta a can. Lissafinsa daidai ne. Amma jaririn da ke cikin gidan miliyan 3 kunnensa iri ɗaya ne da na wancan. Kuma wanda ya zauna bakin fili don aljihunsa bai kai shi wani wuri ba, a ce ya zaɓi ƙara, kamar a ce mai yunwa ya zaɓi dusa ne.

Akwai wata shari'a a Amurka da ta nuna mini wannan ƙarara. A 1946 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mai kiwon kaji, Causby, a jihar Karolina ta Arewa. Jiragen soja na bi ta saman gidansa ƙasa-ƙasa, kaji su firgita su yi ta karo da bango, har wajen 150 suka mutu, sana'ar ta rushe. Iyalinsa ma sun rasa barci. Kotu ta ce gwamnati ta ci masa dukiya, sai ta biya. Ku lura da ƙofar da ya shiga ta ita: dukiya. Kaza tana da farashi a kasuwa, ana iya ƙirga ta. Barcin matarsa ba ya da ranar kasuwa.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Filin Orli na Faris ba a sauka ba a tashi daga 11 da rabi na dare zuwa 6 na safe tun 1968. Na Farankfot a Jamus an hana daga 11 zuwa 5 tun 2011. Na Hitro a London an ƙayyade jiragen dare. Jiragen da ke zuwa Turai daga biranenmu kuwa sau da yawa tsakar dare suke tashi, su sauka can da sassafe. Dalilai na da yawa: kamfani na son fasinja ya riski jiragen safe, kuma iskar dare mai sanyi ta fi taimakon jirgi mai nauyi ya tashi. Amma in an rufe dare a wancan bakin hanya, a wannan bakin ne zai buɗe. Su sun sa wa barcinsu doka, namu yana nan kamar makiyaya, kowa ya kora dabbarsa.

Na dawo gida

Da wannan fushi na tafi babban hutu, ina ji da kaina kamar lauyan waɗanda aka zalunta. Kwana ɗaya na yi a Azarori aka sauke ni.

Babana yana da injin niƙa. Da shi aka saya mini littafi tun ina firamare, da shi ake aiko mini kuɗin wata. Injin gazuwal ne, a rumfar da ke jingine da katangar gidanmu, kuma bayan katangar ɗakin wata tsohuwa ne da muke ce wa Kaka, ko da yake ba ita ta haifi iyayenmu ba. Tun kafin kiran salla na biyu ake tayar da shi, don mata na son a niƙa masu kafin su tafi gona. Jajibirin kasuwa kuwa sai bayan isha'i yake hutawa.

Shekara da shekaru ban taɓa jin ƙarar injin nan ba. A kunnena sautin tuwo ne. Sai a wannan asuba, da kunnen da Yamai ta wasa mini, na ji shi yadda yake: bugu ne da ke shiga ƙasa ya fito ta tabarma.

Da hantsi na leƙa gaishe ta. "A'a, maigidana na Yamai! Ka taho da amarya ko har yanzu ni ɗai ta?"

"Ke ɗai ce, Kaka. Ina tambayar ki wani abu. Injin nan namu ba ya damun ki?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Damu? Rabona da barcin asuba tun da anka kafa shi. Dubi bangon ga." Ta nuna mini tsaga daga kusurwa har kusa da rufi, an cusa mata tsumma. "Amma in nic ce wani abu, sai a ce tsohuwa ta hana ɗan mutane neman abinci. Kuma ba da shi anka kai ka lakkwal ba? Bar shi, maigida. Ubanka bai taɓa amsar ko dala gare ni ba in nik kai niƙa."

Na fito jikina a sanyaye. Duk hujjar da na tara wa jirgi, ga ta ta faɗo kan gidanmu, har ta fi nauyi. Kaka ita ta riga injin zuwa, ba ta sayi ɗakinta da rahusa ba. Diyyar da take samu, niƙan tiya ɗaya ko biyu kyauta, mu muka yanke ta, ba a taɓa tambayar ta ko ta isa ba. Kuma a nan mutum biyu ne kacal, katanga ɗaya tsakaninsu, irin cinikin da Coase ya ce ya kamata ya yi sauƙi. Me ya hana? Kara. Kunya. Abin da muke alfahari da shi a matsayin kyawun halinmu, shi ne ya rufe bakin tsohuwa shekara da shekaru, mu kuma muka ɗauki shirunta a matsayin yarda. A Yamai yawan jama'a ke hana ciniki, a Azarori kara ke hana shi, kuma ko ina mai injin ne ke cin moriyar shirun.

Magabata ba su bar wannan ga kara kaɗai ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis, Ibnur Rami, masanin hukunce-hukuncen gini a mazhabar Malikiyya, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar maƙwabta. A littafinsa ya kawo yadda ake gwada ko dutsen niƙa na cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare daga rufin da ke kan bangon, a ɗora mata ƙananan ƙwayoyi busassu, a sa a yi niƙa. In ƙwayoyin sun motsa, akwai cuta. Abin da ya burge ni shi ne, ba a jira mai rauni ya iya baki ba. An nemi abin da zai yi magana a madadinsa.

Zama da Baba

Kwana uku ina juya yadda zan tunkari Baba. Daren na huɗu bayan tuwo na ce, "Baba, ina da magana in an ba ni izini."

Na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Wato karatun naka a kaina za ya fara? Ita tac ce ka faɗa mini?"

"A'a, Baba. Cewa ta yi in bar shi."

"To ka gani."

"Shi ya sa na kasa bari, Baba."

Ban kawo masa sunan Pigou ba, da ya kore ni. Amma abin da ke kaina tsari ne da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda muke kira OACI, ta amince da shi a 2001. Hanyoyi huɗu ta shimfiɗa wa filayen jirgi: a rage ƙarar daga injin kansa, a tsara inda ake gina gidaje, a gyara yadda ake tashi da sauka, in duk ba su isa ba a taƙaita lokaci ko irin jirgin da zai yi aiki. Ta kuma ce kowane fili ya auna kuɗin kowace hanya da amfaninta kafin ya zaɓa. Na ɗauki huɗun nan na jera su a kan injin Baba. A sake bututun hayaƙi da ya huje. A matsar da rumfar zuwa ɗaya kusurwar fili. A raba gindin injin da katanga. A daina tayarwa kafin rana ta fito.

Baba ya yi lissafinsa da yatsu, kuma ya fi ni iya shi. Bututu abu ne mai sauƙi. Matsar da rumfa sai siminti da ƙarfe da magini, wannan sai bayan kaka in Allah ya ba da damina. Jinkirta tayarwa kuwa, matan da ke sammako za su koma wajen ɗayan mai injin, kuma wadda ta tafi ba lalle ta dawo ba. Ya dube ni ya ce, "Na ji. Ana gyara mata bango, ana sake bututu, kuma ba a tayarwa sai rana ta hito. Amma abin da ya ragu, daga kuɗin watanka za ya hita. Ka yarda?"

Nan na gane bambancin rubuta adalci da biyan shi. Na yi shiru na ɗan lokaci, ina lissafin kuɗin faba-faba daga Aeropor, da kuɗin hoton takardu, da shinkafa da wake na rana. Wallahi sai da zuciyata ta ce mini, ai tsohuwar ta ce a bar shi. Na ce, "Na yarda, Baba."

Jika biyu ya rage. Wasu ranaku yanzu a ƙasa nake ƙetare gadar Kennedy zuwa jami'a.

Amsata ga Kawu

Ga inda na tsaya. Shiru yana da tsada, ƙara ma tana da tsada, kuma babu tsarin da za a yi wanda ba wanda zai biya. Don haka ban ga laifin sa wa abin farashi ba. Rashin farashi shi ne ya sa aka ɗauki barcin Kaka kyauta. Sharaɗina biyu ne. Wanda ke cin amfanin ƙarar shi ya kamata ya biya, ko fasinja ne ko ɗan mai injin. Kuma wanda ke ɗaukar nauyin sai an tambaye shi, a wurin da zai iya amsawa ba tare da kunya ko tsoro ba. Bayan wannan akwai ɗan yanki da nake ganin bai kamata a kai shi kasuwa ba sam, kamar tsakiyar daren yaro da ɗakin mara lafiya da ajin makaranta, don masu su ba su da bakin ciniki. A nan doka ce ya kamata ta ja layi.

Ga ƙasa kamar tamu, lissafin ma yana taimakon mu in mun yi sammako. Hanya mafi araha cikin huɗun nan ita ce tsara gini tun fili yana daji. Faransa ta yi dokar haka a 1985, ta hana sababbin gidaje a yankunan da ƙara ta fi tsanani. Kano ta nuna abin da ke faruwa in an makara: jirgi ya fara sauka a can tun 1925, yau gari ya kewaye filin, kuma a watan Mayu na 2002 wani jirgi da ya taso daga can ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Filayen Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas ba su kai na Yamai zirga-zirga ba tukuna. Kafin a yanka filaye a sayar a gefensu, a auna ƙara, a zana taswira, a liƙa ta inda mai saye zai gani. In jirage sun ƙaru, a ɗora ɗan kuɗi a kan tashin dare, a sa su a rufi da tagogin makarantu da gidajen likita na unguwar. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofishin magajin gari suna sa hannu a takardun fili. Ku tuna da wannan.

Na koma Yamai na ba Kawu labarin duka. Ya saurara, ya ce, "To yanzu kai da jirgi, wa za ya rage ma wani kuɗin wata?" Muka yi dariya. Amma na ga daga baya ya sa an mayar da ɗansa ɗakin da ke can ƙurya, mai rufin ƙasa, har ya gama jarrabawa.

Rumfar injin har yanzu tana jingine da katanga, daminar bara ba ta yi kyau ba. Kaka ta aiko mini da ƙullin ƙuli-ƙuli, da saƙon cewa yanzu har mafarki take yi bayan sallar asuba, kuma in na sake dawowa babu amarya ita za ta kai ƙarata wajen mai gari.

In mun haɗu a fada ranar Asabar, ina son kowa ya zo da amsar abu ɗaya: a gidanku ko a sana'ar da ke biya maka karatu, wa ke bayan katanga, kuma yaushe rabon da a tambaye shi?